Daga barewa zuwa karya: Yadda sunayen dabbobi ke bin mata a bakin matasan Gaya

Wanda ya zauna a majalisar shayi ta samari a Gaya zai ji harsuna huɗu ko biyar a zance guda. Garin yana jihar Dosso, a bakin kogin Kwara. Malanville ta ƙasar Benin na tsallaken ruwa, Kamba ta jihar Kebbi kuma na gabas. Dendanci, Zabarmanci, Hausa da Faransanci sun daɗe suna cuɗanya a nan. Yanzu Ingilishi ma ya shigo ta waƙoƙi da TikTok, ɗauke da wasu kalmomin da ake jifan mata da su.

Mafi yaɗuwa ita ce “bitch”. Matasa da dama na ɗaukar ta a matsayin ado a zance, har wasu 'yan mata kan rubuta ta ƙarƙashin hotunansu. Asalin ma'anarta kuwa karya ce, macen kare. Tun wajen ƙarni na 15 Turawan Ingila suka fara zagin mata da ita. Budurwar da za ta kai ƙara wurin mai unguwa idan aka ce mata karya, sai ga shi ta yi murmushi don an faɗa da Ingilishi.

Akwai irinta da yawa. “Chick” ɗan tsako ne, amma budurwa ake nufi. “Cow” saniya ce, ana faɗa wa macen da aka raina. “Cougar” wani dangin damisa ne na nahiyar Amurka, ya zama sunan babbar mace mai neman saurayin da ta girma, kuma Faransanci ya are shi. Faransancin da yaran Gaya ke koyo a lakwal shi ma yana da nasa: “chienne” da “poule”, wato karya da kaza.

A shekarar 1975 wata masaniyar harshe 'yar Amurka, Muriel Schulz, ta nuna cewa kalmomin da suka shafi mace a Ingilishi sukan fara da ma'ana mai kyau ko ta tsaka-tsaki, daga baya su gangara zuwa batsa ko raini. Sunayen dabbobi sukan raba mata gida biyu: ƙaramar halitta da ake kiwo, ko muguwar dabba da ake tsoro.

Kafin mu ɗora wa Turawa laifi, ya kamata mu duba namu. Bahaushe na kiran namiji zaki, ingarma, bajimi ko toron giwa. Wanda ya ci gasa zakara ne, amma macen da aka ce wa kaza, wauta ake nufi. Akuya da karya kuwa zargin lalata ne kai tsaye, irin wanda kan ɓata maganar aure.

Sai dai Hausa ba ta bar maza sun tsira ba, domin akwai bunsuru da ɗan akuya. Tana kuma da kirarin mata: barewa ga kyakkyawa, zakanya ga jaruma, giwar mata ga wadda ta fi tsararrakinta. Abin lura shi ne, saurayin da aka kira bunsuru yakan yi dariya ya wuce, ita kuwa budurwa sunan na iya bin ta har gidan miji.

A ƙasashen da kalmomin suka fito ma ba a bar su haka ba. A 2019 wata mata mai suna Maria Beatrice Giovanardi ta buɗe takardar koke a kan yadda ƙamus na Oxford ya jera “bitch” cikin kalmomin da ke nufin mace. Mutum sama da 30,000 suka sa hannu, kuma a 2020 mawallafan suka yi gyara.

A Nijar batun ya taɓa doka. Dokar laifukan intanet ta 2019 ta haramta zagi da ɓata suna ta kafofin sadarwa, kuma a watan Yunin 2024 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta maido da hukuncin ɗauri a kan waɗannan laifuka. Saboda haka kalmar da aka jefa a zauren WhatsApp da sunan wasa na iya kai mutum gaban alƙali.

Kundin da ƙasar ta amince da shi a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Ke nan Ingilishi zai ƙara yawa a bakin matasan Gaya da 'yan uwansu da ke ci-rani a Kwatano, Legas ko Akara. Gwajin kalmar aro ba shi da wuya: mutum ya mayar da ita Hausa ko Dendanci, sannan ya tambayi kansa ko zai iya faɗa wa ƙanwarsa a gaban mahaifiyarsu.