Na'urorin Buga Takardu a Jimeta: Arahar Saye da Tsadar Aiki

Tun 1846 injin ɗab'i ya iso Kalaba, amma a Arewa sana'ar ta kafu sosai bayan kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945. A yau masu shagunan kwamfuta a Jimeta da Yola na zaɓe ne tsakanin na'urori iri uku. Mai allura tana buga rasidi da kwafinsa a lokaci guda. Mai fesa tawada na da arahar saye, sai dai kuɗin tawada kan cinye riba. Mai hasken lesa, wadda kamfanin HP ya yaɗa daga 1984, ta fi sauƙin kuɗi a kowane shafi. Amma da zafi take narkar da garin tawada, saboda haka tana jan wuta ƙwarai, abin da ya wajaba mai dogaro da janareta ya lissafa kafin ya saya.