2.4 Tasirin Keɓaɓɓun Dazuzzuka a kan Ruwan Kogi da Ƙananan Halittun Cikinsa

A wannan kashi za a dubi yadda keɓe daji yake shafar tsabtar ruwan kogi da yawan ire-iren ƙananan halittu marasa ƙashin baya, kamar dodon koɗi da kaguwa da matsattsaku da tsutsar mazari. Da yake ƙasar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ba ta da kogi mai gudana rani da damina, sai tafkuna da kududdufai, an ɗauki misali daga Kogin Haɗeja, wanda yake kudu da ita.

Amfanin keɓe daji yana farawa ne daga gaɓa. Saiwoyin itatuwa da ciyayi suna riƙe ƙasa, su tare laka da takin zamani kafin su gangara cikin ruwa. Inuwa kuma tana sanyaya ruwan, shi kuwa ruwa mai sanyi ya fi riƙe iskar oksijin. Ganyen da ke faɗawa ciki shi ne abincin halittu da dama. Irin wannan kariya ce Gandun Dajin Falgore yake bai wa Kogin Kano kafin ya shiga madatsar Tiga.

Masana suna amfani da waɗannan halittu wajen gane lafiyar kogi, domin ba sa iya yin nisa su guje wa gurɓata. Inda ruwa yake da tsabta, akan sami iri daban-daban. Inda kuwa ya gurɓace, sai ire-iren su ragu, a bar masu jure ƙarancin oksijin, kamar jajayen tsutsotsin cikin laka.

Sai dai kariyar tana da iyaka. Dausayin Baturiya, wanda aka sanya cikin jerin Yarjejeniyar Ramsar a 2008, yana shan ruwan da ya taso tun daga Jihar Kano. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar damina, sun kuma sa ruwa yana gudana har da rani. Wannan ya bai wa ciyawar kacalla damar toshe hanyoyin ruwa, kuma kwantaccen ruwa mai ciyawa shi ne mazaunin dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya. Haka nan dattin masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa, mai ɗauke da sinadarin kuromiyam, yana kwarara cikin Kogin Challawa, wanda yake haɗuwa da Kogin Kano su zama Kogin Haɗeja.

Daga wannan bayani za a fahimci cewa dokar gandu tana iya tsare gaɓa, amma ba ta da iko da abin da aka zuba a sama. Saboda haka kiyaye Baturiya ba zai wadatar ba, sai an haɗa da kula da kogin tun daga tushensa.