Mene ne noman wiwi na cikin ɗaki?

Tun da Kanada ta halatta tabar wiwi a Oktoban 2018 ake yawan jin wannan batu. Gona ce a rufaffen ɗaki, ba rana ba damina. Fitilu ke maye gurbin rana, kuma idan aka rage haskensu zuwa awa 12 sai shukar ta zaci kaka ta yi, ta fara fure. Fankoki da na'urorin tsotse laima ba sa hutawa, domin danshi na yin yawa fumfuna za ta cinye amfanin. Kuɗin lantarki kuwa, ba a magana.

A Najeriya noman wiwi laifi ne. Hukumar NDLEA takan kama tabar Kanada mai ƙarfi, wadda ake kira Loud, a tashoshin ruwan Legas.