Ko Kun Sani? Ruwan Iska da Ruwan Bahar

Ko kun san cewa na'urar da ke tatso ruwan sha daga iska tana cin lantarki kusan ninki 100 na abin da ake bukata wajen raba ruwan bahar da gishirinsa? Matatun ruwan bahar na zamani, irin ta Taweelah da ke Abu Dhabi, wadda ke iya fitar da fiye da lita miliyan 900 a yini, suna tura ruwan da ƙarfi ta cikin rariya mai tsananin laushi, har kilowat-awa 3 zuwa 4 ya wadatar ga lita 1,000, alhali na'urar iska galibi sai ta lashe ɗaruruwa kafin ta tara wannan adadi. Sababin kuwa shi ne, iskar da zafinta ya kai digiri 30, ko da ta ƙoshi da laima, ruwan da lita 1,000 nata ke ɗauke da shi giram 30 ne kacal, don haka wajibi ne a sanyaya iska mai ɗimbin yawa kafin kofi ya cika. Fa'idar na'urar iska tana bayyana ne inda teku ya yi nisa, bututu bai kai ba, muddin dai ba cikin hunturu ba ne, lokacin da iska ke bushewa.