Wuƙar ba ta taɓa ƙwayar ido

Na sha jin dattawa na cewa idan kuturta ta hau fuska har ido ya daina rufuwa, sai haƙuri, makanta na tafe, kuma wanda ya yarda aka yi masa aiki a ido ya gaggauta ta. Ban raina wannan tsoro ba. Sun ga mutanen da suka sha magani suka warke, amma daga baya idonsu ya yi fari. Sai dai ina ganin an ɗora laifin a inda ba nan yake ba.

Sau da yawa idon lafiyarsa ƙalau. Cutar ta lalata jijiyar da ke motsa fatar ido, sai fatar ta kasa sauka. Mutum ya kwana ido a buɗe, ƙurar hunturu na shiga, baƙin idon ya bushe, ya yi gyambo, ya bar tabo. Tabon nan ne makantar. Magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ke rabawa kyauta tun 1995 suna kashe ƙwayar cutar, amma ba sa ta da jijiyar da ta riga ta mutu. Idan abin bai wuce wata shida ba, maganin kumburi irin su prednisolone kan farfaɗo da ita. Bayan nan sai tiyata.

Mafi sauƙi shi ne a ɗinke gefen fatar sama da ta ƙasa don a rage faɗin buɗewar. Allurar kashe zafi ta wadatar. Akwai kuma wani aikin da ya fi burge ni. Sa yatsa a gefen goshinka, sama da kunne, ka cije haƙora. Tsokar da ta motsa ita ake yanko wani zare daga jikinta, a bi da shi ta ƙarƙashin fata, a raba biyu, a zagaye idon da shi. Likitan tiyata Harold Gillies ne ya bayyana dabarar a 1934. Mara lafiya ya cije, ido ya rufe.

Masu shakka suna da gaskiya a wuri guda: wannan aikin yana son koyo. Wanda idonsa ya daina jin ciwo ba ya jin bushewa, don haka sai ya manta ya cije. Irinsa ɗinkin gefe ya fi masa, tare da tabarau da man ido da dare.

Daga Saye a Zariya har Danja kusa da Maraɗi akwai asibitocin da suka daɗe suna duba masu wannan lalura. Gwajin farko kuwa a gida ake yi: a ce wa mai lalurar ya lumshe ido kamar mai barci, a duba ko farin idon na leƙowa.