Kwaɗon Da Ya Yi Kira Babu Mai Amsawa

'Yan'uwa, yawancinmu ba mu taɓa jin labarin kwaɗon Rabb ba, gama a wuri guda kaɗai aka san shi, wato dajin duwatsun El Valle a ƙasar Fanama. A bisa itatuwa yake zama. Idan ya yi tsalle yakan buɗe faffaɗan tafin ƙafafunsa, ya sauko a hankali cikin iska.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne renonsa. Macen takan saka ƙwai a kogon itace mai ruwa, ta yi tafiyarta. Namijin ne yake tsaro. Bayan ƙyanƙyasa yakan shiga ruwan ya zauna shiru, 'ya'yan suna cin fatar jikinsa.

Masana sun gano shi a shekara ta 2005, daidai lokacin da wata cutar fata mai kashe kwaɗi take mamaye dajin. Suka kwashi kaɗan zuwa Amurka domin su tsira, amma 'ya'yan da aka samu ba su rayu ba. A 2007 aka ji kukansa na ƙarshe a daji. Macen ƙarshe ta mutu a 2009.

Daga 2012 namiji ɗaya ya rage, a wani lambu a birnin Atlanta, ana ce da shi Toughie. A 2014 ya soma kiran mace, babu mai amsawa. Ya mutu ranar 26 ga Satumba, 2016.

Shekara 11 kacal muka yi da saninsa. Bari mu lura da ƙananan halittu tun suna da yawa, gama idan saura ɗaya, ceto ya makara.