Malamai da Amanar Zaɓe a Bakin Iyaka: Nazari a kan Ƙasar Bagudo

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba irin nauyin da ya rataya a wuyan shugabannin addini game da gyaran ɗabi'un jama'a a lokacin zaɓe, tare da ɗaukar ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi a matsayin misali. In mun ce shugabannin addini, muna nufin limaman Juma'a da na unguwa, da malaman zaure, da masu wa'azi da tafsiri, da muƙaddaman ɗariƙu, da shugabannin Izala, har da limaman coci a inda ake da su. Amma da yake Musulmi ne suka fi rinjaye ƙwarai a wannan yanki, galibin maganarmu a kan malamai za ta tsaya. Abin da muke so mu nuna shi ne, a bakin iyaka maganar malami tana isa inda hannun hukuma ba ya isa, kuma wannan isar tana nan ne muddin jama'a ba su ga alamar an saye shi ba.

Ƙasar da Iyakarta

Bagudo ƙaramar hukuma ce a cikin masarautar Gwandu. Ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin, wadda ake kira Dahomi kafin 1975, kuma ta wannan kusurwa ne kogin Kwara yake shigowa Nijeriya. Daga cikin garuruwanta akwai Illo da Lolo da Ka'oje da Zagga da Tsamiya. A ɗaya ɓangaren akwai Madikali da Segbana, da kuma Malanbil mai babbar kasuwa. Ana jin Hausa da Fulatanci da Dandanci da Zabarmanci, ga kuma Kyangawa da Bussawa, kuma da wuya a sami ɗaya daga cikin waɗannan al'ummu da ba ta da dangi a ƙetare.

Iyakar kanta ba tsohuwa ba ce. A yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a birnin Faris cikin 1898 aka ja layin, aka kawo shi bakin Kwara mil 10 sama da Giris, watau mashigar jiragen ruwa ta Illo. Waɗanda suka ja shi ba su tambayi wanda yake noma a nan yana kwana a can ba. Saboda haka har yau ana auratayya, ana cin kasuwa tare, almajiri ya taso daga wancan gefe ya sauke Alƙur'ani a wannan, mai wa'azi ya yi Azahar a Nijeriya ya yi La'asar a Benin. Gwamnati takan rufe iyakokin ƙasa a ranar zaɓe, kamar yadda aka yi a 2019 da 2023. To amma ƙofar da jami'i yake tsare da ita kaɗai ake iya rufewa. Hanyar gona da ta kwalekwale ba su da ƙyaure.

Abin da Doka ta Tanada

Dokar Zaɓe ta 2022, wadda da ita aka gudanar da zaɓen 2023, ta hana yaƙin neman zaɓe a wuraren ibada, ta hana neman ƙuri'a da sunan addini ko ƙabila, ta kuma sa hukunci a kan mai ba da cin hanci da mai karɓa. Tsarin mulki na 1999 shi ma ya hana jam'iyya ɗaukar suna ko tambari na addini. Ba mu da ta cewa a kan kyawun waɗannan tanade-tanade. Sai dai duk wanda ya zauna a ƙauye ya san ba a bainar jama'a ake yin cinikin ƙuri'a ba. Da dare ake yin sa, a cikin zaure ko ta hannun wata dattijuwa mai shiga gida-gida da turmin atamfa da sabulu da taliya. Ɗan sanda ba ya nan, wakilin Hukumar Zaɓe ba ya nan. Limamin da zai ja sallar Asuba kuwa kafin gari ya waye labari ya iske shi.

Yana da kyau a lura cewa a Kebbi rabuwar ba ta Musulmi da Kirista ba ce a mafi yawan lokuta. A zaɓen gwamna na 2023 manyan 'yan takarar biyu, Nasir Idris na APC da Aminu Bande na PDP, duka Musulmi ne. An kaɗa ƙuri'a ran 18 ga Maris, amma aka ce zaɓe bai kammalu ba, domin tazarar da ke tsakaninsu ta ɗan haura 45,000 ne kawai, alhali masu zaɓe a rumfunan da aka soke sun haura 90,000. Aka sake zaɓe a waɗannan rumfuna ran 15 ga Afrilu, wanda ya faɗo cikin goman ƙarshe na azumi, Nasir Idris ya yi nasara. Watau makonnin da 'yan siyasa suka fi matsuwa da neman ƙuri'a su ne makonnin da masallatai suka fi cika da masu sauraron tafsiri, su ne kuma makonnin da al'ada ta saba da rabon kayan azumi. A irin wannan hali, wa zai iya bambance sadaka da toshiyar baki in ba malami ba?

Rantsuwa

Matsala ta farko da ke buƙatar fatawa bayyananniya ita ce ta rantsuwa. Da yake a ɓoye ake dangwala ƙuri'a, mai saye ba shi da tabbacin an cika masa alkawari. Don haka wasu dillalan ƙuri'a sukan sa mutum ya dafa Alƙur'ani, ko ya rantse da Allah cewa jam'iyyarsu zai zaɓa. An fi yi wa mata da tsofaffi haka, saboda an san su ne suka fi tsoron alhaki. Abin takaici ke nan: tsoron Allah da ke zuciyar talaka shi aka mayar igiyar ɗaure shi.

Alhali amsar tana cikin littafin da kowane malamin zaure ya karanta. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, a babin rantse-rantse da bakance, an bayyana cewa wanda ya rantse zai aikata saɓo ba zai aikata shi ba, kaffara zai yi. Kaffarar kuwa sananniya ce: ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, wanda bai sami iko ba ya yi azumin kwana uku. Malamai da dama na wannan zamani suna ɗaukar ƙuri'a a matsayin shaida, domin mai zaɓe yana shaidawa ne cewa wane ya cancanci riƙon amanar jama'a. In haka ne, zaɓen wanda mutum ya san bai cancanta ba don an ba shi kuɗi shaidar zur ce, kuma rantsuwa a kanta ba ta ɗaure kowa. Da za a yi wannan bayani a kan mumbari Juma'a biyu ko uku kafin zaɓe, a kuma kai shi makarantun Islamiyya na matan aure, da dillali ya rasa makaminsa mafi kaifi ba tare da an ambaci sunan wata jam'iyya ba.

A nan sai mu ɗan ratse. Muna jin wasu masu wa'azi suna cewa a karɓi kuɗin a zaɓi cancanta, wai dama dukiyar jama'a ce aka dawo da ita. Mun fahimci tausayin da ke cikin wannan magana, musamman ga wanda ya ga irin wahalar da mutanen bakin iyaka suka sha daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 da aka rufe iyakoki, aka kuma hana kai man fetur garuruwan da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, sa'an nan ga ƙarancin takardun naira a farkon 2023. Duk da haka ba mu gamsu da ita ba. Tana koya wa mutum ya yi alkawari da niyyar saɓawa, kuma tana barin kasuwar a buɗe, sai dai farashi ya tashi.

Shaida a kan Ɗan Ƙasa

Matsala ta biyu ta keɓanci bakin iyaka. Duk lokacin zaɓe sai an ji zargin an shigo da baƙi, kuma yawanci wanda ya faɗi shi ke yin zargin. Maganar ba ta da sauƙi kamar yadda ake ɗaukarta a Abuja. Bisa ga sashe na 25 na tsarin mulki, wanda aka haifa a wajen Nijeriya ɗan ƙasa ne in mahaifinsa ko mahaifiyarsa ɗan ƙasa ne. Ke nan yaron da aka haifa a Madikali alhali ubansa mutumin Illo ne yana da haƙƙinsa cikakke. A ɗaya hannun kuma, yarjejeniyar zirga-zirga ta ƙasashen Afirka ta Yamma ta 1979 ta ba maƙwabci damar shigowa, amma ba ta ba shi ƙuri'a ba. Zunubi biyu ne ke nan suke fuskantar juna: a shigar da wanda ba shi da haƙƙi, ko a kira ɗan gida baƙo don ana zargin ba jam'iyyarmu zai yi ba. Na biyun ya fi saurin faɗa wa Fulani makiyaya da masunta, waɗanda sana'arsu ba ta bar su wuri ɗaya ba.

A inda rajistar haihuwa ba ta game kowa ba, asalin mutum a bakin dattawa yake. Mai unguwa da uban ƙasa suna da tasu rawar, amma limami shi ya raɗa wa yaron suna, shi ya ɗaura auren iyayensa, wataƙila shi ya sallaci kakansa. Ba wanda ya kai shi sanin gaskiyar lamarin. Don haka aikinsa a nan shi ne ya ƙi yin shaidar zur ko don wa, ya kuma ƙi ɓoye shaidar da zai iya bayarwa. Bugu da ƙari, shi kaɗai ne zai iya tsallakawa ya gaya wa almajiransa na can gefe cewa karɓar kuɗi a zo a yi zaɓen da ba na mutum ba cin amanar maƙwabci ne. Hukumar Zaɓe ba ta da bakin magana a Segbana. Malamin da aka yi karatu a zaurensa yana da shi.

Hannun Malami

Duk abin da muka faɗa ya dogara ne a kan abu guda, watau malamin kansa bai karɓa ba. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu ya lissafa gaisuwa, wato kyautar da ake kai wa sarakuna, a cikin munanan al'adun mulkin da ya zo gyarawa. Yau gaisuwar ta juya baya. Mai neman mulki shi ke kai ta ga malami: buhunan shinkafa, ko mota, ko kujerar Makka, ko rufin masallaci. Ba a cewa an sayi kowa, addu'a aka zo nema. Amma ranar da limami ya hau mumbari ya yi magana a kan sayen ƙuri'a, mamu suna kallon motar da ke ƙofar masallaci, kuma sun san wanda ya kawo ta.

Mutanen ƙasar Gwandu ba su da buƙatar neman misali daga nesa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, tun jihadi bai ƙare ba, ya ga zukatan wasu sun karkata ga dukiya da sarauta, har ya bar rundunar ya nufi gabas. Kanawa suka tsayar da shi, a can ya rubuta Diya'ul Hukkami a kan yadda ake riƙon mulki bisa shari'a, daga baya ya komo aka danƙa masa yammacin daula. An saurare shi ne domin an ga zai iya juya wa mulki baya.

Maƙwabtanmu ma suna da nasu. A cikin Fabrairun 1990, da mulkin Mathieu Kereku ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, aka kira babban taron ƙasa a Kwatano, aka ɗora wani limamin Katolika, Isidore de Souza, a kujerar shugabancinsa. Shi ya ci gaba da jagorantar majalisar riƙon ƙwarya har aka yi zaɓen 1991, Kereku ya faɗi, ya miƙa wa Nicéphore Soglo mulki lami lafiya. De Souza bai tsaya takara ba, bai kuma ɗaga hannun kowa ba. Irin wannan matsayi ne ya sa aka sami Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar da Bishof Matthew Kukah a kwamitin zaman lafiya na Janar Abdulsalami Abubakar, wanda ya shiga tsakanin Jonathan da Buhari a 2015.

Wani zai ce, ashe malami ba ɗan ƙasa ba ne, ba shi da ra'ayi? Yana da shi, kuma malamai ba su taɓa rabuwa da siyasar Arewa ba. Tun zamanin NEPU da NPC kowane ɓangare yana da nasa, kuma Shaihu Abubakar Gumi ya yi kira ga magidanta su bar matansu su yi rajista su yi zaɓe a lokacin da mutane da yawa suke ganin abin kunya ne. Wannan kira ne zuwa ga haƙƙi, ya kuma shafi kowa. Abin da muke ja da shi shi ne a ambaci sunan ɗan takara a kan mumbari, ko a ce wanda bai zaɓe shi ba imaninsa da sauran gyara. A garin da ɗan ɗariƙa da ɗan Izala suke da masallacin Juma'a daban-daban, da zarar wannan limami ya ɗauki jam'iyya sai wancan ya ɗauki kishiyarta, zaɓe ya wuce, gabar ta zauna.

Amma kada mu ɗora wa limamin ƙauye abin da mu da muke karɓar albashi ba mu ɗora wa kanmu ba. Galibinsu ba su da albashi. Gona ce da su, da ɗan abin da ake samu wajen suna da ɗaurin aure, ga baƙi da almajirai kullum a zaure. Mun taɓa zantawa da wani dattijon limami a wani ƙauye na bakin kogi, wanda aka kawo wa buhuna ana saura kwanaki a yi zaɓe. Bai mayar ba, domin ya ce mayar da kyautar babban mutum faɗa ne, kuma ba shi kaɗai faɗan zai shafa ba. Sai ya sa aka jibge su a ƙofar masallaci, bayan sallar La'asar ya faɗi sunan wanda ya aiko, ya sa ladan ya auna wa zawarawa da marayu da mudu a gaban kowa, bai shigar da ko ƙwaya gidansa ba. Da muka tambaye shi abin da iyalinsa suka ce, sai ya yi dariya, ya ce uwargida ta yi kwana uku ba ta yi masa magana ba.